Ranar da Muka Tura Kaka Mu Uku

Jiya da la'asar ina zaune a ƙofar gida wani mai kayan miya ya wuce yana tura baro, tayarsa tana irin kukan nan na ƙarfen da ya daɗe bai ga mai ba. Matata ta ce sai da ta yi mini magana sau uku ban amsa ba. Ni kuwa na riga na koma unguwarmu ta Makera a Kaduna, shekarar da nake aji uku a sakandare, hannuwana a kan ƙarfen bayan keken kakana. Zan ba ka labarin yadda ya faru, ba zan wanke kaina a ciki ba, domin na daɗe ina wanke kaina a zuci kuma bai tsinana mini komai ba.

Kakana, wato mahaifin babana, ya ƙarar da ƙarfinsa a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Ba a kan injin saƙa yake ba. Yana ɓangaren da ake ɗaure yadi dila-dila, a ɗora a kan amalanken ƙarfe, a tura zuwa sito. Ƙaƙƙarfan mutum ne, mai yawan barkwanci, kuma kusan duk wanda ke shiga ƙofar masaƙar nan ya san shi. Wata safiya yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa, shi ke nan ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Harshensa ma ya yi nauyi, sai ka kasa kunne sosai za ka gane abin da yake faɗa. Ya yi watanni a ɗaki yana kallon rufi, mutumin da a da ko rabin yini ba ya iya yi a gida.

Maƙwabcinmu mai walda shi ya fitar da shi. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, kuma tare suka yi aikin masaƙa da Kaka kafin ya buɗe shagonsa. Ya samo kujerar ƙarfe, ya haɗa mata tayoyin keke guda biyu da wata ƙaramar taya a gaba, ya kafa dogon ƙarfe a baya inda mai turawa zai kama. Birki kuwa wani guntun katako ne da ya naɗe da robar taya, ya kafa shi a jikin tayar dama kaɗai, tunda hannun dama ne kawai ke yi wa Kaka aiki. Ranar da ya kawo keken ya durƙusa ya nuna masa yadda ake jan birkin, yana dariya.

"Baba, wannan birkin na tafiyar dattijo ne fa, ba na tsere ba."

Babana bai so abin ba ko kaɗan. Tela ne, shi ne ɗan fari, kuma tun da ciwon nan ya kama mahaifinsa tsoro ya shige shi, ko tari Kaka ya yi sai ya ajiye almakashi ya leƙo. Mutum ne da ba ya magana biyu. Da ƙyar ya yarda, ya ce ni zan riƙa turawa tunda ni ne babba a yara, ya kuma ƙara da cewa duk ranar da wani abu ya faru, ko ƙwarzane ne, fitar ta ƙare.

Inda muke zuwa ba nisa. Akwai wata babbar bishiyar mangwaro daura da ƙofar masaƙar, a nan tsofaffin ma'aikata suke majalisa bayan la'asar. Da damina wata mata tana gasa masara a gefe, ƙamshin ya haɗu da warin rinin da ke gudana a lambatu, yau ruwan shuɗi gobe ja, gwargwadon abin da aka rina a ciki. Idan jiniya ta yi kuka, masu tashi daga aiki su fito a kan kekuna, burbushin auduga a gashinsu da girarsu, kowa ya rage gudu ya ɗaga wa Kaka hannu. Wani ya tsaya ya tsokane shi, shi kuma ya rama da wannan nauyayyen harshen nasa, majalisa ta kwashe da dariya. Tun azahar yake fara tambayar ƙarfe nawa. Sai an ɗauko masa hularsa mai kyau an karya ta yadda yake so. Ban taɓa ganin abin da mutum yake jira kamar yadda Kaka yake jiran wannan fitar ba, kuma a lokacin ma na san haka.

Ni kuma a shekarun nan, Allah ya yafe mini, kaina ya kumbura da boko. Ina ɗan ƙoƙari a makaranta, ba na son a ƙaryata ni, duk abin da na ji a aji sai na zo gida na ishi mutane da shi. Kaka ba ya kirana da komai sai ɗan boko.

Wata rana malaminmu na kimiyya ya shigo aji da wata 'yar motar katako, da zare, da gwangwanin madara. Ya ɗora motar a kan tebur, ya ɗaura mata zaren, ya rataye gwangwanin a ɗaya bakin zaren yana reto a gefen tebur. Ya jefa dutse ɗaya a gwangwani, motar ta fara tafiya a hankali. Ya mayar da ita, ya ƙara dutse, ta zabura. Ya ce mu lura, nauyin motar bai canza ba, kuma ba ta da ikon ƙara wa kanta gudu. Abin da ke janta ko tura ta daga waje shi ke yanke yadda gudunta zai riƙa ƙaruwa. In ka ninka ƙarfin, ka ninka ƙaruwar gudun. Ya maimaita kalmar ƙaruwa har sau biyu yana buga tebur, amma ni abin da ya zauna a kaina shi ne mutum biyu sun ninka gudun mutum ɗaya, shi ke nan.

Ɗan mai walda ajinmu ɗaya, bencinmu ɗaya. A hanyar gida ya ce wannan duk zancen littafi ne, a kan tebur kawai yake aiki. Na ce ƙarya yake. Ya ce in gwada masa. Na tsaya ina tunanin wane abu ne nauyinsa ba ya canzawa, mai taya, wanda yake hannuna kullum. Wallahi ko minti ɗaya ban yi ba na samo amsa, har ina jin daɗin basirata.

Ban gaya wa Kaka komai ba. A hanyarmu akwai wani miƙaƙƙen wuri daga injin niƙa zuwa kwana, falwayar lantarki uku ne a tsakani. Ranar farko na tsayar da keken a falwayar farko, na tura da iyakar ƙarfina ni kaɗai, ɗan mai walda yana biye yana ƙirgawa. Ya kai arba'in muka iso ta uku. Kaka ya yi dariya, iska ta taɓa masa fuska, ya ce yau ɗan boko ya ci tuwo ya ƙoshi. Kashegari na jawo ƙanena muka tura mu biyu. Na sa rai ƙirgar za ta tsaya a ashirin, sai ta kai kusan talatin. Ɗan mai walda ya riƙe ciki yana dariya, yana tambayata ina rabin da na yi alkawari. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wurin ne ya yi gajarta, gobe mu uku za mu tura, kuma ba za mu tsaya a kwana ba sai mun wuce. Bayan kwanar nan hanya tana gangarawa zuwa wajen masaƙa, gangaren da kullum nake bi ina ja da baya a hankali. Na san da shi sarai, ban dai sa shi a lissafi ba.

Rana ta uku an yi ruwa da safe, zuwa la'asar jar ƙasar hanyar ta daddale ta yi sumul. Kaka yana sanye da farar riga. Muka jera mu uku a kan ƙarfen baya, da ƙanena da ɗan mai walda, ni a tsakiya, ni ne kuma mai ƙirgawa da ƙarfi. Tun kafin falwaya ta biyu na ji abin ya bambanta, domin ƙarfen ya fara yi mini sauƙi a hannu alhali gudun ƙaruwa yake yi. Kaka ya ɗan juyo da kansa.

"A hankali, ɗan boko."

Na ji shi. Shekaru na yi ina gaya wa kaina cewa ƙarar taya ta hana ni ji, amma ƙarya ne, na ji shi raɗau. Ina kan goma sha bakwai a ƙirga, ina ganin lissafina zai fita, sai na ƙara dannawa.

Muna shan kwana gangaren ya karɓe keken daga hannunmu. Daga nan mun daina turawa, bin sa kawai muke yi da gudu. Ƙanena ne ya fara saki ya faɗi a kan gwiwa, sai ɗan mai walda. Ni kaɗai na rage a rataye, silifas ɗina suna sulɓi a ƙasa, ina ja da baya amma kamar ban taɓa komai ba. Kaka ya yi abin da kowa zai yi, ya ja birki da ƙarfinsa. Tayar dama ta ƙame, ta hagu ta ci gaba, keken ya juya wuri ɗaya ya kife cikin lambatu. Da kafaɗarsa ta dama ya faɗa, ɓarin da ya rage masa mai lafiya.

Ma'aikata ne suka rugo suka ciro shi. Ruwan lambatun ranar shuɗi ne, farar rigarsa ta rine har wuya, hularsa ta bi ruwa. Bai yi ihu ba, salati kawai yake yi a hankali. Aka ɗauko shi a hannu zuwa gida, aka kira mai ɗori, ya duba ya ce ƙashin kafaɗa ya karye.

Kafin magariba babana ya tsayar da mu a tsakar gida, ni da ƙanena, bulala a hannunsa. Ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba. Mutanen da suka kawo Kaka sun riga sun gaya masa da gudu suka gan mu.

"Wa ya ce ku yi gudu da shi?"

Ƙanena ya kalle ni. Sai muka ji muryar Kaka daga cikin ɗaki, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya.

"Ni ne. Ni na ce su yi gudu. Na tsananta musu, ba laifinsu."

Babana ya yar da bulalar, ya je bakin ƙofar ɗakin, ya yi magana da muryar da ban taɓa ji ya yi wa mahaifinsa ba.

"Haba Baba! Da yaran nan ne suka yi wauta, da sai in zane su in nemo mai hankali ya riƙa kai ka. Amma tunda kai ne da kanka, wa zan ba amanarka da ba za ka juya shi ba? Ka koma yaro ke nan. Fita ta ƙare."

Ka ji inda abin yake. A gabana babana ya buɗe mini hanya, ya faɗi a fili cewa in laifin namu ne Kaka zai ci gaba da fita. Kalma uku kawai ake bukata daga bakina, ni ne, Baba. Bulala ce, da na sha ta na warke cikin mako guda, ba yau na fara shan ta ba. Amma na tsaya ina kallon ƙasa, har wani sanyi nake ji a raina cewa na tsira. Daga baya na ja ƙanena gefe na tsorata shi, na kuma roƙi ɗan mai walda ya rufa mini asiri. Ya rufa, amma ya canza benci a aji.

Kashegari babana ya kwance tayoyin keken ya ɗora kujerar a kan rufin akurkin kaji. Mai walda ya zo har sau biyu yana roƙo, ya ce zai sa birki a duka tayoyin, zai riƙa kai shi da kansa in an yarda. Babana ya yi masa godiya, ya ce ya riga ya yi magana.

Ɗorin ya kama, amma hannun bai koma daidai ba, ko cokali sai da dabara. Aka riƙa shimfiɗa wa Kaka tabarma a zaure. Da farko abokansa suna zuwa, zauren ya cika, a yi hira har magariba. A hankali suka ragu, domin mutanen da suka saba da gindin mangwaro ba kowa ne zai riƙa tako ƙafa kullum ba, kuma masu tashi daga aiki ba ta ƙofarmu suke bi ba. Kafin lokacin girbi ya zo sai mai walda kaɗai, da wani tsoho mai tari da ke zuwa ran Juma'a. Jiniya tana kaiwa har gidanmu. Idan ta yi kuka Kaka yakan yi shiru ko da yana tsakiyar magana, sai ta gama ya ci gaba. Ya daina tambayar ƙarfe nawa, ya daina neman hula.

Ni nake ba shi kunu da yamma. Na mayar da kaina mai hidima, har ana yabona a gida ana cewa yaron nan akwai tausayi, yabon kuwa yana ƙona ni. Wata rana bayan watanni, ina goge masa baki, ya dube ni da gefen idonsa mai kyau.

"To ɗan boko, lissafin naka ya fita?"

Ashe duk ƙirgar da muke yi a bayansa yana ji, ya kuma gane abin da muke yi tun rana ta biyu. Na fashe da kuka, na gaya masa komai, da motar katako da gwangwani da gardamar. Ya saurara har na gama.

"Da ka tambaye ni," in ji shi. "Dila ɗaya ce, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Mutum ɗaya ya tura, ta tashi a hankali. Uku su tura, kafin ka farga ta fi ƙarfinku, domin muddin kuna dannawa gudu ƙaruwa yake yi. Shi ya sa a masaƙa ba a barin mutum uku su tura sai an sa biyu a gaba masu tarewa. Malamin naku bai gaya muku zancen masu tarewa ba?"

Ya gaya mana, yana cikin darasin, ni ne ban tsaya na ji ba. Abin da na kasa ganewa a aji, tsohon da bai taɓa zama a benci ba ya san shi a kafaɗunsa tun kafin a haifi babana. Na ce masa zan gaya wa Baba gaskiya. Kaka bai ce in faɗa ba, bai kuma ce kada in faɗa ba. Ya juya yana kallon ƙofar zaure. Na ce a raina gobe. Goben ta zo na ga babana ya dawo a gajiye, na ce jibi. Da daɗewar abin sai faɗarsa ta ƙara nauyi, domin yanzu ba gudun kaɗai zan amsa ba, har da watannin da na yi shiru. Kaka ya rasu a farkon damina ta gaba, bai sake ganin gindin mangwaron nan ba.

Yau ni ma malamin kimiyya ne, na kusa ajiye aiki. Duk shekara sai na koyar da wannan darasin, kuma ɗalibaina suna mamakin yadda nake daɗewa a kan abin da ke tsayar da abu fiye da abin da ke tura shi. Masaƙun sun daɗe da yin shiru. An sare mangwaron, masu keke napep ne ke jiran fasinja a wurin, lambatun ma ya daina canza launi. Yaran da ke wucewa ta nan ba su san an taɓa yin majalisa ba, balle su san wani tsoho mai hula.

Sai da babana ya tsufa, idonsa ya daina ganin kafar allura, sannan na gaya masa. Na riga na haifi 'ya'ya, furfura ta fara fito mini. Na zaɓi ranar da muke mu biyu, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa na faɗi duka. Na yi zaton zai yi faɗa, ko ya ce abin ya wuce, kuma ko wanne ya yi zan samu sauƙi. Sai ya ce:

"Ya ce mini shi ne."

Na ce haka ne, Baba, rufa mini asiri ya yi.

"Na yi masa tsawa a gaban jikokinsa. Na ce masa ya koma yaro." Ya sa bayan hannu ya goge ido. "Kai ba ka sani ba, duk ran Juma'a in na shiga gaishe shi sai ya roƙe ni. Ya ce ko yau kawai, ko sau ɗaya. Ina ce masa a'a, ina ganin kare shi nake yi."

Ban taɓa sanin wannan ba. Na zo ne in sauke kayana, sai ga shi na ɗora wa tsoho abin da ba shi da sauran lokacin gyarawa. Na kama ƙafarsa ina neman gafara. Ya dafa kaina.

"Na yafe maka, duniya da lahira. Kai ka samu wanda za ka roƙa. To ni fa, wa zan je in roƙa?"

Har ya koma ga Allah ban samo amsar wannan tambayar ba.